Ranar da Alhaji Sallau Ya Kara da Baturen Jamus

Tunda kun dage sai kun ji ra'ayina a kan kuɗin nan da ake biya don na'urar gem ta haɗa mutum da 'yan wasan duniya, ko ya cancanta ko asara ce, to ni ba ni da ra'ayi. Labari nake da shi, kuma da ni aka yi, saboda haka kada wani ya ce an ƙara gishiri. In ma an ƙara, ni na ƙara.

A layinmu a Funtuwa akwai abokina tun na firamare, Alhaji Sallau Mai Taya. Duk direban da tayarsa ta taɓa fashewa a garin nan ya san shagonsa. Mutum ne mai hannun kyauta, mai son jama'a, aibinsa ɗaya ne tak: bai iya faɗuwa ba. Tun muna yara, in aka kayar da shi a langa sai ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwar mutum. Girma ya zo, furfura ta fito, jikoki sun taru, amma halin yana nan inda yake.

Shekara uku da suka wuce, babban ɗansa da ke aiki a Legas ya aiko da na'urar gem don jikoki su riƙa wasa in sun zo hutu. Sau biyu jikokin suka taɓa ta. Alhaji ya ce bari ya gwada wasan ƙwallon da ke cikinta ya ga abin da ke ɗauke wa yara hankali. Daga ranar na'ura ta bar ɗakin yara ta koma falonsa, har aka ɗinka mata riga saboda ƙura.

To wasa ba ya daɗi mutum ɗaya. Sai Alhaji ya kafa zama duk ranar Asabar, daga azahar zuwa la'asar sakaliya, ya gayyaci mutum uku. Akwai ni, Tanimu. Akwai Ilu Tela, wanda ke haya a ɗaya daga cikin shagunan Alhaji a bakin layi. Sai Garzali, malamin lissafi a sakandare, mijin 'yar Alhaji, Sakina. Ita kuma uwargidan, Hajiya Tabawa, duk Asabar sai ta aiko da kuloli: dambun shinkafa da soyayyun kaji, ga zoɓo mai sanyi har ƙanƙara na yawo a ciki. Ba zan ɓoye muku ba, ni kajin nan su suka fara kai ni, ƙwallon daga baya na koya.

Asabar ta farko, cikin rashin sani, na ci Alhaji uku da ɗaya. Ban ɗauki abin komai ba, har da 'yar dariyata. Alhaji ya ajiye hannun gem ɗin, wato abin da ake riƙewa ana latsawa, ya ce kansa na ciwo, ya shige cikin gida. Kwana goma cur, in mun haɗu a masallaci sai ya ba ni yatsu biyu ya kau da kai. Abota ta shekara hamsin ta nemi rushewa a kan ƙwallon da ko taɓa ta da ƙafa ba a yi.

Sai muka yi taro mu uku a shagon Ilu. Ilu ya ce shi dai ba zai zura wa mai shagonsa ƙwallo a raga ba, yana da iyali. Garzali ya sunkuyar da kai ya ce shi ko da wasa ina zai iya cin Baba, mutumin da ko ido ba ya haɗawa da shi. Ni kuma na ce ba tarbiyya ba ce ka shiga falon mutum, ka cika ciki da kajinsa, sannan ka lallasa shi a gaban surukinsa. Nan muka tsayar da magana: daga yau ba mai sake cin Alhaji.

Kada ku ɗauka faɗuwa abu ne mai sauƙi. Faɗuwa da gangan sana'a ce, sai an koya. In ka bari aka ci ka biyar da nema kullum, zai gane. Saboda haka muka tsara abin. Yawanci biyu da ɗaya ne. Wani lokaci mu fara cin sa ɗaya, ya tashi tsaye yana gumi yana yi wa 'yan wasansa faɗa, sannan a bar shi ya farke ya ƙara a mintin ƙarshe. Canjaras sau ɗaya a wata biyu, don abin ya yi kama da gaske. Huɗu da nema kuwa sai da Sallah, a matsayin goron Sallarsa. Akwai ranar da hannun Ilu ya zame ya ci ta biyu saura minti uku a tashi. Wallahi sai da ya sa aka ba 'yan wasansa biyu jan kati ya jawo fanareti biyu kafin abin ya gyaru. Da muka fito, rigarsa sharkaf.

Wanda ya fi shan wahala a cikinmu Garzali ne. Ashe lokacin da yake jami'a, in ya shiga gidan gem, ɗalibai zagaye shi suke yi suna kallo, ba mai yarda ya kara da shi sai baƙo. To wannan gwanin shi ne yanzu ke zaune a ƙasa a gefen kujerar surukinsa, kai a sunkuye, ya yanke 'yan baya huɗu, ya tarar da raga wayam, sannan ya ɗaga ƙwallo sama ta wuce 'yan kallo.

"Kai, Baba, golanka ya yi ƙoƙari," in ji shi, alhali golan yana kwance can wani gefe.

"Haka na horar da shi," in ji Alhaji.

Ina kallon jijiyar wuyan Garzali tana tashi tana kwanciya. Sakina ta taɓa gaya wa matata cewa duk Asabar in ya koma gida, sai ya wanke babur ɗinsa sau biyu kafin ya iya magana da kowa.

Haka aka yi shekara uku. Alhaji ya je kasuwa ya sayo kofi irin na gasar makarantu, ya sa aka rubuta masa "Gwarzon Layi" a jiki, ya miƙa wa kansa a gabanmu muna tafi. Ya ɗora shi a saman talabijin. Duk baƙon da ya shigo falon, kafin a ba shi ruwa sai an ba shi tarihin kofin. Mu kuma, gaskiya, hankalinmu kwance: shi yana da kofinsa, mu muna da kajinmu, zumunci na tafiya.

Sai wata Asabar na shiga na tarar da shi ya sa tabarau yana karanta wani rubutu a fuskar talabijin.

"Tanimu, zo ka gani. Garzali, fassara masa abin da ka fassara min."

Garzali ya yi gyaran murya. "Cewa suke yi, in mutum ya yi rajista yana biyan kuɗi duk wata, ko na shekara gaba ɗaya, na'urar za ta riƙa haɗa shi ta intanet da masu wasa daga ko'ina a duniya."

"Ko'ina a duniya," Alhaji ya maimaita yana kallon kofinsa. "To ga shawara na kawo muku. Na shekarar ya kai kuɗin tayar babur biyu masu kyau. Ya cancanta ko bai cancanta ba?"

Na dubi Ilu, Ilu ya dubi Garzali, Garzali ya dubi tabarma. Duk mun san abu ɗaya: mutanen duniya ba su halarci taronmu na shagon Ilu ba.

"Asara ce, Alhaji," na yi maza na ce. "Na'ura taka, talabijin taka, wuta kai ke biya, hannu naka. Sannan a ce sai ka sake biya kafin ka yi wasa? Kamar ka sayi mota ne a ce kowane wata sai ka biya kuɗin zama a kujerarta."

"Ranka ya daɗe, ga kuma netwok," in ji Ilu. "Kana cikin kai hari sai abu ya tsaya cik. Ga data, ga man janareto. Ni in ni ne, tayoyin babur ɗin zan saya."

"Kai ba ka da babur," in ji Alhaji. "Garzali, kai fa?"

"Baba, mutanen cikin intanet ɗin nan ba su da ladabi. Ba su san babba ba."

Alhaji ya yi murmushi irin na wanda ya gano bakin zaren. "Na gane ku. Tsoro kuke yi in na samu manyan abokan karawa in daina kula ku. Ku kwantar da hankalinku, ba zan manta da ku ba. Amma ku ma ku yi min adalci. Shekara uku ba wanda ya ci ni a layin nan. Mutum ya zauna da baiwa a falo har ya mutu duniya ba ta sani ba?"

Daidai nan Hajiya Tabawa ta ɗaga labule, mai aikinta na biye da kuloli. Ita ba ta cika sa baki a harkarmu ba, iyakarta ta amsa gaisuwa ta koma. Amma ta sha tsayawa a bakin ƙofar nan tana kallon Garzali yana harba ƙwallo sama, ta yi ɗan tsaki mara sauti ta juya.

"Hajiya, ke me kika gani?" in ji Alhaji. "In biya?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. "Biya, Alhaji," ta ce. "Na shekarar ma za ka biya."

Ranar kajin ba su yi min daɗi ba, ko da yake na cinye rabona.

Aka biya. Wajen rajista aka nemi sunan da zai riƙa fitowa. Garzali ya ba da shawarar a sa wani gajeren laƙabi, Alhaji ya ƙi. Ya ce a rubuta Alhaji Sallau Mai Taya Funtuwa, cikakke, don duk wanda aka haɗa su ya san da wa yake wasa. Wurin bai isa ba, aka tsaya a "Alhaji Sallau Mai Ta".

Asabar ta gaba ya sa babbar riga. Na'ura ta yi 'yan juye-juyenta ta haɗa shi da wani mai suna da lambobi a ƙarshe. Alhaji ya ce a dakata a gaisa tukuna, a tambayi mutum iyali. Kafin ya rufe baki an zura masa ta farko.

"Ko sallama babu?" in ji shi.

Kafin hutun rabin lokaci an yi huɗu. Aka tashi bakwai da nema.

"Netwok ne," in ji Ilu.

"Netwok ne," muka amsa gaba ɗaya kamar 'yan aji ɗaya.

Aka sake. Shida da nema. Aka sake, aka haɗa shi da wani wanda bayan ya ci biyar sai ya koma yana wasa da golansa, ya fito da shi har tsakiyar fili yana yanke mutane. Alhaji ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Bai ce kansa na ciwo ba, bai yi faɗa ba, kuma wannan shi ya fi tayar min da hankali. Kallon kofin kawai yake yi, sannan ya dube mu. Na ga tambaya ta fara taruwa a idonsa, irin tambayar da in ta fito ba mu da amsarta.

Bayan magariba muka sake taro a shagon Ilu.

"Asirinmu na gab da tonuwa," na ce. "In aka ƙara Asabar biyu a haka, zai zauna ya yi lissafi. Mutumin da ke sayar da taya ba wawa ba ne."

Ilu ya ajiye almakashi. "Abin da yake buƙata ya ci mutum ɗaya daga waje. Ɗaya tak. In ya ci Bature guda, sauran duk netwok ne."

"A ina za mu samo Baturen da zai yarda a ci shi?"

Ilu ya nuna Garzali da baki.

Dabarar ta yi kyau a baki. Garzali zai aro na'ura wurin wani abokin aikinsa, a kafa ta a ƙuryar shagon Ilu bayan labulen gwaji. Mu haɗa kuɗi mu yi mata rajistar wata ɗaya da sunan Bature. Ranar Asabar Garzali ya ce an kira taron malamai, Ilu ya ce ɗinkin biki ya riƙe shi. Ni in zauna da Alhaji. Bature ya aiko da takardar gayyata ta cikin na'ura, Alhaji ya karɓa, a buga, Bature ya faɗi biyu da ɗaya kamar yadda aka saba. Ilu ne ya zaɓi suna, ya ce Mista Hansi daga Jamus, wai ya taɓa yi wa wani injiniya mai wannan suna ɗinkin kaftani. Kun ga ke nan mu da muka ce rajista asara ce, sai ga mu mun biya tamu.

Abu ɗaya ne ba mu sa a lissafi ba, har shi malamin lissafin. Shekara uku abin da ke riƙe hannun Garzali ba yarjejeniyarmu ba ce. Kunya ce. Ganin ƙafar surukinsa a gefensa, da jin numfashinsa a saman kansa, su ke sa shi harba ƙwallo sama. Mu kuma muka ɗauke shi muka kai shi bayan labule, inda ba Baba, ba babbar riga, ba kofi, muka ba shi sunan wani, muka danƙa masa hannun gem.

Asabar ta zo. Ina zaune ni da Alhaji, kuloli uku a gabanmu, sai saƙo ya faɗo.

"Alhaji, wani ne daga Jamus yake neman ka da sunanka," na ce, kamar abin ya ba ni mamaki.

Fuskarsa ta washe. "Ka gani? Labari ya fara kaiwa. Wannan ya san ya kamata, shi ya nemi izini. Karɓa masa."

Aka take wasa. Minti huɗu, Mista Hansi ya zura ɗaya. Na ce a raina madalla, tsarin da aka saba ne, a fara cin sa sannan a bar shi ya farke. Minti tara, ta biyu. Na ce to, yau Garzali so yake abin ya yi armashi, uku da biyu za a tashi. Ta uku kuwa daga tsakiyar fili aka ɗaga ta ta bi ta kan gola. Ta huɗu da dunduniya. Ban taɓa sanin ana iya yin haka a na'urar nan ba.

Na zaro waya a ɓoye na rubuta wa Ilu: "Me ke faruwa?" Ya amso: "Ba ya ji na. Idonsa ya juye."

Aka dawo daga hutu, biyar, shida. Alhaji ya matso bakin kujera, gumi na bin gemunsa, yana latsa kowane maɓalli da ya samu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don da gaske yake yi, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Sai ga wata murya ta fito daga cikin talabijin. Ashe hannun gem ɗin da aka aro irin sabon nan ne mai ɗaukar magana, kuma a cikin zafin wasa yatsan Garzali ya buɗe shi bai sani ba. Da farko shuu kawai muke ji. Can sai muka ji lasifika tangaran, muryar da duk yaron layinmu ya haddace:

"Ga maganin ɓera! Ga na kyankyaso! Ga na kuɗin cizo! Saya ɗaya ka kwana lafiya!"

Alhaji ya karkata kai ya yi kasaƙe.

"Tanimu."

"Na'am, Alhaji."

"Ashe Jamus ma suna fama da ɓera."

"Da alama, Alhaji. Ai ɓera ba inda babu shi."

"Kuma da Hausa ake tallar maganinsa."

Na ɗauki zoɓo na kurɓa. Aka zura ta bakwai. Ba a yi minti biyu ba sai ga mai maganin ɓeran da kekensa ya biyo ta ƙofar gidan Alhaji, muna jin sa ta taga, kalma ɗaya bai canza ba. Alhaji ya dubi taga, ya dubi talabijin, ya dube ni. Sannan muryar Ilu ta fito daga Jamus, a rikice:

"Garzali! Garzali, ya isa haka! Kai, surukinka ne fa! Biyu da ɗaya muka ce!"

Sai wata ƙaramar murya, kamar ta wanda aka tasa daga barci: "Innalillahi. Nawa ne yanzu?"

"Takwas!"

A fili kuwa, 'yan wasan Mista Hansi duk suka tsaya cak kamar an dasa su. Alhaji bai ko taɓa ƙwallon ba. Ya ɗaga hannun gem ɗinsa, wanda ashe shi ma yana ɗaukar magana, ya kai saitin baki, cikin natsuwa.

"Mista Hansi, sannu da ƙoƙari. Ya su Sakina da yara? In ka gama, ka taho kai da tafintanka. Abinci na hucewa."

Daga Jamus zuwa falon Alhaji minti uku suka yi. Garzali tun daga bakin ƙofar waje ya cire takalmi, ya shigo kusan da rarrafe, ya durƙusa can nesa. Ilu na bayansa da tef ɗin awo a wuya, yana ta murza hula.

"Baba, a gafarce ni. Wallahi hannuna ne. Na ce ɗaya zan ci, sai na ga ta biyu ta shiga, daga nan ban san inda nake ba."

"Ba takwas ɗin ce ta dame ni ba," in ji Alhaji. "Tambaya ɗaya zan yi, kuma Tanimu nake so ya amsa, don shi ne ya san ni tun ina da gajeren wando. Tun yaushe?"

Na so in yi ƙarya, na duba ban ga wadda ta rage ba. "Tun zamanmu na biyu, Alhaji."

"Uku da biyun da na ci Ilu ranar da ya samu jan kati biyu?"

"Shiri ne, ranka ya daɗe," in ji Ilu.

"Huɗu da neman Babbar Sallah?"

"Goron Sallah ne."

"Golana fa?"

Garzali ya ƙara sunkuyawa. "Baba, golanka bai taɓa kama komai ba."

Na yi zaton zai fashe da faɗa, ko ya ce a ba shi makullin shagonsa. Bai yi ba. Ya tashi ya sauko da kofin daga kan talabijin, ya goge shi da hannun riga, ya juya rubutun ya kalli bango. Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai, kuma mu ma kunya ta rufe mu, don duk da kajin, son shi muke yi. Mun ɗauka gata muke yi masa, sai ga shi mun mai da dattijo abin dariya a falonsa shekara uku.

"To," ya ce da ya zauna. "Yau kowa zai buga da ni tsakani da Allah. Wanda ya harba sama, kada ya sake taka gidan nan."

Ilu ya ci shi uku da nema, yana ci yana ba da haƙuri. Ni na ci shi biyu da ɗaya, kuma ɗayar tasa wallahi halal ce, shi ya ci abarsa, har na ga gefen bakinsa ya motsa. Da aka zo kan Garzali, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce shi an riga an ga nasa, ya huta.

Sannan ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya, ya nuna na'urar da yatsa.

"Duk wannan rajistar ce ta jawo. Da ban biya ba, da yanzu ina zaune da kofina da mutuncina. Kuɗin taya biyu na ɗauka na ba mutanen da ban sani ba, su zazzaga min ƙwallaye ko gaisuwa babu, surukina ya koma Bajamushe. Kun faɗa min asara ce, a nan kaɗai kuka yi gaskiya. Garzali, tashi ka soke ta."

Garzali ya yunƙura zai tashi, sai labule ya motsa. Hajiya Tabawa ce ta zo kwashe kuloli. Ta buɗe ta farko, ƙasusuwa. Ta buɗe ta biyu, ƙasusuwa, don duk tashin hankalin nan bai hana mu ci ba. Ta rufe, ta ɗora su a kan juna, sannan ta dubi mijinta.

"A'a, Alhaji, bar ta. Shekara uku ina yanka kaji ana yi maka ƙarya. Waɗannan na cikin na'urar ko ruwan sha ba su nema ba suka gaya maka gaskiya."